Iskar da Aka Hana Yaya

Yayana feshin maganin ciyawa yake yi. Da shi ya ci, da shi ya ciyar, a cikinsa kuma ajali ya same shi. Wurin aikinsa wata ƙatuwar gonar lemo ce a bayan gari, can inda kwalta ta ƙare, inda motar haya take juyowa. Abokan aikinsa Mai Goyo suke ce masa, saboda ba ka ganinsa sai da tankin feshi a gadon baya. Sunan bai taɓa ɓata masa rai ba. Cewa yake yi, "Ai nawa goyon ya fi na mata sauƙi. Ba ya kuka, ba ya neman nono, fitsari kawai yake min a baya." Fitsarin kuwa yoyon tankin ne, wanda ya rine bayan duk wata rigar aiki da ya mallaka.

Ni Auta yake ce min, har na zama uwar 'ya'ya huɗu bai sauya ba. Mahaifinmu ya rasu ina rarrafe, don haka ban san wani uba ba sai shi. Yana tsakiyar sakandare ya ajiye littattafai ya shiga dako a tashar mota. Daga dako ya koma fenti, daga fenti ya yi gadin wani sito, har wani tsohon abokin mahaifinmu ya kai shi gonar lemo. Da tankin nan ya yi min karatu har na zama malamar firamare. In na ɗauko godiya sai ya kawar da kai ya ce, "Bar shi, Auta. Raba mana aiki aka yi, ke kai, ni gadon baya."

Dogo ne siriri, kafaɗarsa ta hagu ta ɗan sauka saboda jan hannun famfo. Ga surutu, ga barkwanci, ga fito. Tun daga bakin layi ake sanin ya dawo, don fitonsa yana riga shi shiga gida. Abu biyu yake tsoro a duniya, allura da matarsa. Matar tasa Alƙali yake kiranta, wai duk maganar da ta shigo gidan sai ta yanke mata hukunci, kuma ba ɗaukaka ƙara. Sunan ya bi ta har mu ma da shi muke kiranta. 'Ya'yansu biyu ne suka rayu. Babban namiji ne, bakanike, mutum mai zuciya a kusa. Ƙaramar mace ce, tana aure a wani gari mai nisa, ita yake kira Uwata don sunan mahaifiyarmu ta ci.

Sau ɗaya na taɓa zuwa wurin aikinsa, na kai masa saƙo. Inda ake haɗa maganin ɗaki ne na kwano marar taga, ga durorin ƙarfe a jere, ga jarkoki da mazurari, ga wani wari mai hawa kai. A jikin ƙusa an rataye safar hannu ta roba da takunkumin hanci. Safar duk ta yage a yatsu, takunkumin kuwa sabo fil, har ƙura ta zauna masa.

Na ce, "Yaya, wannan fa ado ne?"

Ya ce, "In na ɗaure bakina da me zan yi fito?"

Na tsaya a inuwa na kalli aikinsa. Yana tafiya sannu a tsakanin layukan itatuwa, hagu tana jan famfo, dama tana kaɗa sandar feshi ƙasa-ƙasa kamar mai shara. Layin da ya fesa jiya ya riga ya bushe, ciyawa ta kwanta ƙurmus kamar an bi ta da wuta. Yana alfahari da wannan. Ya ce min tunda yake, ko ganyen lemo ɗaya bai taɓa ƙonawa ba.

Jikinsa ya daɗe yana ba da labari, mu ne ba mu saurara ba. Faratan hannunsa sun yi fari sun dagargaje, biyu sun fita ba su sake tsirowa daidai ba. In aiki ya yi yawa da damina sai haɓo ya riƙa tsinke masa. Alƙali ta yi faɗa har bakinta ya gaji. Ta ce, "Sabo turken wawa." Ya ce, "To ai wawan ne yake kawo cefane." Ta jefe shi da murfin tukunya, ya goce yana dariya.

Ana cikin damina ɗan famfon da ake zuƙo magani da shi daga duro ya lalace. An faɗa wa masu gonar, sun ce za a kawo sabo, shiru. Ciyawa kuwa ba ta jiran kowa. Sai Yaya ya koma yin abin da direbobi suke yi in za su zuƙi fetur, ya zura tiyo a duro ya sa baki ya ja. Ya yi haka ya wanye lafiya ba sau ɗaya ba. Ran tsautsayi duron a cike yake maƙil, maganin kuma tsantsa ne, ba a sirka shi da ruwa ba. Kafin ya zare baki abin ya taho masa da ƙarfi. Ya tofar da na tofarwa, amma kurɓi ya riga ya wuce.

Mai kula da siton ne ya ba ni labarin daga baya, yana faɗa yana share ido. Ya ce Yaya ya durƙusa ya yi ta amai kamar zai fitar da hanjinsa. Aka kawo ruwa ya kurkure baki, wani ya ruga ya sayo madarar gwangwani aka ɗura masa. Da aman ya lafa ya miƙe ya zaro harshe, suka ga ya rine, suka fashe da dariya, shi ma ya taya su. Mai siton ya ce a tafi asibiti.

Yaya ya ce, "Maganin ciyawa ne fa. Ni ciyawa ne?"

Ya goya tankinsa ya ƙarasa layin da ya fara.

A gida bai faɗi gaskiya ba, ya ce cikinsa ne ya ɓaci. Sai da bakinsa ya saluɓe, harshe da dasashi da maƙogwaro duk suka zama gyambo, ko ruwa ya kurɓa sai hawaye, sannan Alƙali ta titsiye shi ya faɗa. Ta kira ni a waya ina cikin aji.

"Auta, zo ki ga yayanki. Guba ya sha ya ɓoye min."

Na tarar da shi zaune a bakin gado, ya sa kwano a gaba yana zubar da yawu, idanunsa sun fara rawaya. Tun safe bai yi fitsari ba. Duk da haka, da ya ji ɗansa ya tsayar da mota a ƙofar gida sai ya fara ja da baya, yana magana da ƙyar: "In dai allura ce ku bar ni." Ɗan ya ɗauke shi cak ya sa a mota.

Likitar da ta karɓe mu mace ce, gajeriya mai tabarau, ba ta da yawan magana. Ta tambayi wane magani ne, ɗan ya kira mai sito ya turo hoton duron a waya. Ta duba, ta ce, "Yaushe ya sha?" Muka faɗa mata. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Ta sa aka samo ɗan fitsarin da ya rage masa a mara, aka zuba masa wani farin gari a kwalba, nan take ya koma shuɗi. Ta daɗe tana kallon kwalbar. Ta ce da a ranar aka kawo shi, akwai garin gawayi da ake ɗura wa mutum ya kama gubar tun tana cikin ciki. Yanzu ta riga ta bi jini.

Aka ba shi gado. Aka yi masa wankin ƙoda, aka ɗaura ƙarin ruwa, allura kuwa ba a magana. Ya dube ni ya ce, "Duk wadda na guje wa tun ina yaro, ashe tara min ake yi."

Sai kuma ya fara samun sauƙi. Fitsari ya dawo, rawayar ido ta ragu, gyambon baki ya fara bushewa har yana shan shayi da cokali. Ya tashi zaune ya buɗe majalisa a ɗakin majinyata. A gadon da ke kusa da nasa akwai wani dattijo mai ciwon zuciya da aka sa wa oksijin, Yaya ya mai da shi abokin wasa, yana ce masa, "Maƙwabci, kai kaɗai kake shan iskar gwangwani, ba tayi?" Alƙali ta koma faɗanta, alamar hankalinta ya kwanta. Muka kira Uwata muka ce kada ta taso, jiki da sauƙi, ga shi cikinta ya tsufa.

A cikin wannan murnar ne likita ta kira mu ofishinta, ni da Alƙali da ɗan. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, fanka tana juyawa a sama, ta kafa hoton ƙirjin Yaya a jikin fitila.

Ta ce, "Ba na so ku ga ya tashi zaune ku ɗauka an gama. Ƙodar ta farfaɗo, amma ba ita ce abin tsorona ba. Huhu ne."

Ɗan ya ce, "Huhu kuma? Ai sha ya yi, ba shaƙa ba."

"Sha ya yi. Amma irin wannan gubar huhu ne yake janyo ta daga jini ya tara, ya ɗauka abin amfani ne." Ta dube ni. "An ce ke malama ce, ki taya ni in na yi musu nisa. Komai na duniya, da mu da iska da ruwa, ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. A jikin kowace ƙwaya akwai wasu 'yan mitsi-mitsi, ilektaron ake ce musu, kuma bibbiyu suke son zama. Muddin suna bibbiyu, ƙwaya tana zaune lafiya. In aka samu ɗaya tilo ba abokin zama, to ƙwayar ta zama fitinanniya. Ba ta iya natsuwa. Duk abin da ta taɓa sai ta fizge masa ɗaya ta cike nata. Wanda aka fizge wa shi ma ya zama fitinanne, ya fizgi na kusa da shi. Haka abin zai yi ta bi har naman wurin ya lalace."

Alƙali ta ce, "Kamar gobara a rumfunan kasuwa."

"Kamar haka, Mama. Ko a jikin mai lafiya ana samunsu kullum, kaɗan-kaɗan, daga numfashin nan da muke ja. Suna cikin abin da yake tsufar da mu a hankali. Amma jiki yana da nasa masu kashe gobarar, suna tare su tun ba su yi nisa ba. Abin da gubar nan take yi shi ne, ta karɓi ilektaron ɗaya daga naman huhu ta miƙa wa iskar oksijin, iskar ta zama fitinanniya. Ita kuwa gubar ba ta ƙare ba, sai ta koma ta sake ɗauko wani. Ba ta gajiya. Masu kashe gobarar su ƙare, wuta tana ci. Inda ya ƙone tabo ne yake maye wurin, tabo kuwa ba ya numfashi."

Ɗan ya ce, "To a kashe ta mana. Me ake jira?"

"Muna ba shi duk abin da ake bayarwa, da masu tare fitinannun nan, da masu rage kumburi. Wani lokaci suna taimakawa. Sau da yawa ba sa isa." Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Abu ɗaya nake so ku sani tun yanzu, don kada ku ce mugunta ce. In numfashi ya fara yi masa wuya, ba za mu yi saurin sa masa oksijin ba. A jikinsa oksijin fetur ne a kan wuta."

Muna fitowa ɗan ya daki bango da tafin hannu. Ya ce, "Gwaggo, kin taɓa jin inda iska ta kashe mutum? Ba sa so su ɓata iskarsu a kan talaka ne kawai." Alƙali ta ce ya rufe mata baki, kuma kada wanda ya faɗa wa uban komai. Muka koma ciki da fuskar dariya.

Farkon abin da na lura da shi fito ne. Leɓɓansa sun warke, ya gwada fitonsa na kullum, ya kai rabi ya tsaya, ya yi tari, ya ce bakin ne bai gama saki ba. Bayan haka zuwa banɗaki ya koma tafiya mai nisa, sai ya huta a hanya yana dafe da bango. Daga nan magana ta fara fitowa gutsure-gutsure. Leɓɓansa da faratansa suka yi duhu. Ba ya iya kwanciya, sai a sa masa tebur a gaba da matashi ya kifa ƙirji. Hankalinsa kuwa garau, yana gane kowa, yana jin komai, kuma wannan ne ya fi komai ciwo. A bango, daidai saman kansa, akwai bakin bututun oksijin, an liƙe shi da filasta an rubuta da jan biro kada a buɗe. Gefensa kwalbar oksijin dattijon nan tana ɓulɓula wuni guda. Yaya ya daina yi masa wasa. Kallon kwalbar kawai yake yi.

Wata rana da la'asar aka tura dattijon ɗaukar hoto, aka bar abin hancinsa a kan gado, iska tana fita a banza. Ɗan ya kalli ubansa yana haki kamar kifin da aka jefa a tudu, ya kalli abin. Kafin in ankara ya janyo shi ya kifa wa uban a fuska. Na ga idon Yaya ya lumshe, kafaɗunsa suka sauka, ya ja numfashi irin wanda rabonsa da shi an daɗe. Nas ta taho da gudu ta kama robar, ɗan ya riƙe mata hannu yana ihu, "Wallahi ba mai cire shi! Ku kashe ni tukuna!" Ɗaki ya kacame. Alƙali ta tashi ta ɓamɓare yatsun ɗanta daga hannun nas ɗin, sannan da hannunta ta zare abin daga fuskar mijinta. Yaya ya bi ta da kallo, ita kuwa ta kasa dubansa.

Likita ta shigo. Ta fara cewa mu biyo ta ofis, sai Yaya ya ɗaga hannu.

"Likita... ni... za ki faɗa wa. Ƙirjina ne."

Ta janyo kujera ta zauna daf da shi, ta faɗa masa duk abin da ta faɗa mana, ba ragi. Yana saurare, yana gyaɗa kai tsakanin haki. Da ta gama ya ce, "Haka yake... a gona. In ka fesa da hadari... ciyawa takan jima. Rana ce... take ƙona ta."

Ta ce, "Kusan aikin ɗaya ne, Baba. Can rana, nan iska."

"In ba a sa ba... zan tashi?"

"Ba zan yi maka ƙarya ba. Fatan da ya rage ƙarami ne ƙwarai. In ba a sa ba za ka iya ƙara kwanaki, amma da wahalar da kake ciki. In an sa za ka ji sauƙi, sai dai abin zai yi sauri. Duk lokacin da ka ce a buɗe, zan buɗe."

Ya dubi matarsa, ya dube ni. "A kira... Uwata. In ta zo... a buɗe."

Hanyar da nisa, ga tsohon ciki, dole mijinta ya riƙa tsayawa tana hutawa. Wannan jiran ban taɓa ganin irinsa ba, ba kuma na fatan in sake gani. Muka yanki kwali muna yi masa fifita, in hannun wannan ya gaji wancan ya karɓa. Alƙali tana jiƙa auduga tana shafa masa a leɓe. Ɗan ya zauna a ƙasa ya rungume ƙafafun uban. Wani lokaci tsoro yakan kama Yaya, ya zaro ido ya damƙi hannuna har sai na ji ƙashi, sai a yi masa allurar da take kwantar da hankali. Na sunkuya na ce, "Yaya, a buɗe kawai, za ta same ka." Ya girgiza kai. Dattijon gadon kusa ya roƙi a juya masa gadonsa ya fuskanci bango, ya ce ba zai iya shan iska maƙwabcinsa yana kallo ba.

Da hantsi Uwata ta iso, ƙafafunta a kumbure, ko mayafinta ba ta gyara ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ba ta gane shi ba, sai da uwarta ta nuna mata. Ta durƙusa da ƙyar a gaban teburin ta ce, "Baba, ga ni." Ya ɗora hannu a kanta, ya sauke shi a kan cikin, ya bar shi a nan. Sannan ya nemi likita da ido ya gyaɗa kai. Nas ɗin nan da aka riƙe wa hannu ita ta ɓare filastar daga bango.

Yinin nan an ba mu aron Yaya. Duhun leɓensa ya washe, ya jingina da matashi, magana ta dawo, ko da yake a hankali. Ya sa ɗansa ya ba nas haƙuri a gabansa, ya ce a sake, na farkon bai fito daga ciki ba. Mai sito ya zo dubiya, Yaya ya ce masa in ya koma ya daddatsa tiyon nan da adda, kada ya bar ko taƙi ɗaya. Ya ce yana son lemo. Muka yi mamaki, don bai taɓa damuwa da shi ba, yakan ce wanda ya wuni a cikinsa ƙamshin ya ishe shi. Aka matsa masa a kofi, Uwata ta ba shi a cokali, ya yamutsa fuska ya ce, "Wannan ba namu ba ne, tsami." Muka yi dariya, har da ɗan. Ya tambayi Uwata ko mijinta yana kyautata mata, ya sa aka fitar da mijin kafin ta amsa. Ya daɗe riƙe da hannun matarsa suna magana ƙasa-ƙasa, ban matsa na ji ba. Ni kuwa abin da ya ce min kawai shi ne, "Auta, ki riƙe min ita. Bakinta ne da zafi."

Sauƙin bai daɗe ba. Aka yi ta ƙara ƙarfin iskar, tana ƙara gaza masa, har aka kai ƙarshen abin murɗawa. Daga nan ya koma barci mai nauyi. Da safe ya cika, likitoci suna zagayen gadaje, mai shara tana goge ƙasa. Alƙali ce ta fara ganewa. Ta miƙa hannu ta murɗe bututun ta kashe, ta rufe masa ido, ta ce, "Ya huta." Allah ya jiƙansa.

Masu gonar sun aiko da wakilai gaisuwa, sun faɗi kyawawan halayensa, sun tafi. A makon aka kawo sabon famfo. Har yau ana feshi a can, wani ne yake goya tankin.

Uwata ta haihu lafiya, mace. Ɗan ya koma garejinsa, amma ba shi ne na da ba. Wata rana ya ce da an sa wa uban iska tun farko da bai sha wannan azabar ba. Wata rana kuma ya zo ya zauna a ƙofar ɗakina ya ce, "Gwaggo, ni na kashe shi, ko? Wannan da na kifa masa." Na koma asibitin takanas na tambayi likitar. Ta ce ɗan lokacin nan bai ƙara komai ba bai rage komai ba, in gaya masa haka daga bakinta. Na gaya masa. Ya ce to. Bayan wata biyu ya sake tambayata.

Alƙali ta dawo gidana da zama, na ba ta ɗakin da ke kusa da nawa. Faɗan ya tafi. Yarana suna ɓarna a gabanta sai dai ta bi su da ido. Abu ɗaya ne ba ta yarda da shi ba, a rufe taga. Ko ana sanyi, ko sauro ya yi yawa, tagarta a buɗe take, in an rufe sai ta ce ƙirjinta ya yi nauyi. Da damina ta zagayo feshin ruwa ya riƙa jiƙa mata katifa, in rufe, ta tashi ta buɗe. Daga baya na daina rufewa. Na kira yara muka janye gadon zuwa tsakiyar ɗaki.